Daga Hastings Zuwa Ɗakin Jarrabawa: Asalin Manyan Kalmomin Ingilishi

Shekara 11 ke nan ina zama gaban makirfo a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Damagaram. Da Hausa nake gabatar da shirin safe, da Faransanci nake karanta takardun da ke zuwa mana daga ofisoshi, Ingilishi kuwa tun da na bar lise na jingine shi. Bara na ƙudiri niyyar neman gurbin ƙaro karatu a fannin sadarwa a Amurka, domin diflomar aikin jaridar da na samo a Yamai ta kai ni iyakar inda za ta iya. Cikin jami'o'i huɗu da na zaɓa, biyu suka ce sai na kawo sakamakon jarrabawar da ake kira GRE. Kuɗin rajistarta ya haura dalar Amurka 200. Da gangan na ce dalar Amurka, don mu a nan in an ce dala, tamma biyar ake nufi. In aka juya kuɗin zuwa sefa sun wuce jikka 100, sun fi albashina na wata guda. Ke nan ba ni da halin shiga don gwaji kawai.

Daren da na fara auna kaina da ɓangaren harshe, tambaya 27 ce cikin minti 41, na ci 9. Na ɗauki hoton kalmomin na aika wa ɗan kawuna da ke Katsina, wanda tun daga firamare har jami'a da Ingilishi ya yi karatu. Amsarsa ta ba ni mamaki. Ya ce, "Yaya, ta ina kika san taciturn da ephemeral da obsequious? Mu nan sai mun buɗe ƙamus." Na ce masa ai waɗannan Faransanci ne da aka sauya wa riga, tun a kwalej muke jin su a bakin mushe. Shi kuma ya yi ta dariya da ya ga ban san thwart da wary da scant ba, kalmomin da yake gani kullum a jarida.

Wannan ya tsaya mini a rai. Me ya sa abin da ke da wuya ga mai Ingilishi ya zo wa ƴar lakwal da sauƙi, abin da yake ganin na banza kuma ya gagare ni? Wa ya yanke cewa waɗannan kalmomi su ne ma'aunin wanda ya cancanci babban karatu? Na bi sawun amsar, sai ta kai ni baya shekara kusan 1,000. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, ni kuwa waiwayen ya canza mini yadda nake karatun gaba ɗaya.

Tsibirin da kowane baƙo ya bar wa kalma

Ingilishi kansa baƙo ne a tsibirin Birtaniya. A ƙarni na 5, bayan sojojin Rum sun janye, wasu ƙabilu da ake kira Angil da Sakson da Jut suka tsallako daga gaɓar da a yau take arewacin Jamus da Denmak. Harshen da suka zo da shi ne tushen Ingilishi, kuma har yau kalmomin gida da gona nasu ne: house, bread, water, mother, cow, sheep. Gajeru ne, yawancinsu gaɓa ɗaya ko biyu.

A 597 wani limamin Kirista mai suna Augustine ya sauka a Kent daga birnin Rum. Da shi da waɗanda suka biyo bayansa Latinanci ya zama harshen coci da na rubutu, ya kuma bar kalmomi irin su school da candle. Daga ƙarshen ƙarni na 8 sai ga mayaƙan teku na ƙasashen arewa, waɗanda ake kira Bayikin. A 793 suka far wa gidan ibada na Lindisfarne, daga baya suka zauna a arewaci da gabashin ƙasar, aka yi auratayya. Harshensu ɗan'uwan Ingilishi ne, shi ya sa aron ya shiga har cikin ɓargo: sky, egg, take, law, har ma da they, wakilin sunan da ke nufin "su". Da na duba asalin thwart da scant, waɗanda suka kayar da ni, sai na tarar daga bakin waɗannan mutane suka fito. Faransanci bai da abin da zai taimake ni da shi a kansu.

Ranar da Faransanci ya hau gadon sarauta

Ranar 14 ga Oktoba, 1066, aka gwabza yaƙi kusa da garin Hastings. Wiliyam, mai mulkin Normandi a arewacin Faransa, ya ci sarki Harold da yaƙi, aka kashe Harold a filin daga, aka naɗa Wiliyam sarkin Ingila a Westminster ranar Kirsimeti ta wannan shekara. Cikin ƴan shekaru filaye da manyan muƙaman coci suka koma hannun mutanensa. Fada ta koma Faransanci, kotu da manyan gidaje haka, takardun coci da na malamai suna Latinanci, Ingilishi ya rage a bakin manomi da baran gida.

Wanda ya tashi a ƙasar da Faransa ta yi wa mulki ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Mahaifina yakan ba mu labarin sambol, wani abu da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa a filin lakwal, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Da na karanta cewa Ingilishi ma ya yi ƙarnuka yana zaman harshen bayan gida a ƙasarsa, kuma Faransanci ne ya danne shi, sai na ajiye littafin na yi dariya ni kaɗai.

Abin ya ɗauki lokaci kafin ya juya. A 1204 sarki John ya rasa Normandi ga sarkin Faransa, manyan Ingila suka fara ɗaukar kansu ƴan ƙasar da suke zaune. A 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa gabatar da ƙara a kotu da Ingilishi, saboda jama'a ba sa fahimtar abin da ake faɗi a kansu. Abin dariyar shi ne da Faransanci aka rubuta dokar. Kafin Ingilishi ya koma fada da kotu ya riga ya sha Faransanci ya ƙoshi. Masana tarihin harshe suna ƙiyasta cewa kalmomi kusan 10,000 ne suka shiga a wannan zamani, kuma mafi yawansu suna nan har yau.

Dubi inda suka taru. A shari'a akwai judge, justice, court, verdict. A mulki akwai government, parliament, tax. Dabba tana garke sunanta cow ko sheep ko calf, na Sakson, in ta hau teburi ta zama beef ko mutton ko veal, na Faransa. Mu ma muna da irin wannan. Shiga kotu a Damagaram ko Kano ka saurara: alƙali, shari'a, hukunci, hujja, shaida, duk daga Larabci. Harshen da ya zo da littafi da mulki shi ke ba da kalmomin zaure, na uwa ya riƙe na tsakar gida. Bambancin kawai shi ne Ingilishi ya ƙare da hawa uku. Talaka ya ce ask, ɗan birni ya ce question, malami ya ce interrogate. Na farko na Sakson ne, na biyu ta Faransanci ya shigo, na uku daga Latinanci kai tsaye. Jarrabawar GRE a hawa na biyu da na uku ta fi zama.

Rigimar kurtun tawada

A 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila. Nan da nan ya haɗu da matsalar wace kalma zai buga da kowa zai gane. A gabatarwar wani littafi da ya fitar a 1490 ya ba da labarin wani ɗan kasuwa da ya nemi ƙwai a wurin wata mata, ya yi amfani da kalmar mutanen arewa, matar ta ce ita ba ta jin Faransanci. Mutumin ya fusata, don shi ma ba ya ji. Sai da wani ya faɗi kalmar mutanen kudu sannan ta gane. Ashe a wancan lokaci duk kalmar da mutum bai sani ba sai ya zaci ta Faransa ce.

A ƙarni na 16 aka shiga fassara littattafan Girka da na Rum, masu fassara suka ga Ingilishi bai da kalmomin da za su ɗauki falsafa da likitanci da lissafi. Sai suka shiga ɗebo kalmomin Latinanci da Girkanci suna yi musu ƴar kwaskwarima. Masu adawa suka laƙaba wa irin waɗannan suna inkhorn terms, wato kalmomin kurtun tawada, waɗanda ba a jin su a kasuwa sai a bakin alƙalamin mai son a ce ya yi karatu. Thomas Wilson ya yi musu ba'a a littafinsa na 1553. John Cheke, malamin Girkanci a Cambridge, ya so a tsarkake harshen daga aro, har ya ƙirƙiro mooned a madadin lunatic da hundreder a madadin centurion. Ƙirƙirarsa ba ta karɓu ba. Cikin kalmomin aron ma wasu sun rayu wasu sun mutu ba tare da wani dalili ba: impede tana nan daram, ƴar'uwarta expede ta ɓace.

Duk ma'aikacin rediyon Hausa ya san wannan rigima. Sau nawa muka tsaya a ɗakin labarai muna gardama kan ko a ce dimokuraɗiyya ko a ce mulkin farar hula, ko a ce kwamfuta ko na'ura mai ƙwaƙwalwa? A ƙarshe mai sauraro ne alƙali. A Ingila masu aro ne suka yi nasara, sakamakon kuwa shi ne dubban kalmomin da ɗan ƙasa ba ya iya gane su daga harshen da ya sha a nono.

Ƙamus na farko jerin kalmomi masu wuya ne

Wannan giɓi ne ya haifi ƙamus. A 1604 wani malamin makaranta mai suna Robert Cawdrey ya wallafa A Table Alphabeticall, wanda ake ɗauka a matsayin ƙamus na farko da ke fassara Ingilishi da Ingilishi. Kalmomi kusan 2,500 ne a ciki, kuma bai damu da irin su gida ko ruwa ba. Kalmomin aro masu wuya kawai ya tara, ya ce ya yi ne domin mata da sauran waɗanda ba su sami karatun Latinanci ba. Ya sa alama a kan waɗanda suka fito daga Faransanci da waɗanda suka fito daga Girkanci, har sai da ya yi wa mai karatu bayanin yadda ake neman kalma bisa jerin baƙaƙe, don abin sabo ne. Da na ga hoton shafukansa a intanet sai na ga kamar jerin da na sauke don GRE, kalma a hagu, gajeriyar ma'ana a dama. Shekara 400 ke nan ana sayar wa waɗanda aka bari a waje irin wannan jeri.

A 1755 Samuel Johnson ya fitar da nasa bayan aikin shekara kusan 9, da kalmomi sama da 42,000. Abin da ya bambanta shi shi ne ya kawo misalai sama da 100,000 daga rubuce-rubucen marubuta, domin a ga kalma tana aiki a cikin jimla. A Amurka Noah Webster ya fitar da babban ƙamusinsa a 1828 da kalmomi kusan 70,000. Hanyoyi biyu ke nan tun daga farko: ta Cawdrey, kalma da ma'anarta tsirara, da ta Johnson, kalma a cikin maganar mutane. Tarihin jarrabawar da zan zauna tafiya ce daga ta farko zuwa ta biyu.

Yadda kalma ta zama sikelin auna mutum

A nan ma Bafaranshe ne a farkon labarin. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da gwaji a birnin Paris don gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a aji. Binet ya yi gargaɗin kada a ɗauki sakamakon a matsayin wani abu da aka haifi yaro da shi wanda ba ya canzawa. Gwajin ya tsallaka Amurka, gargaɗin bai bi shi ba. A 1916 Lewis Terman na jami'ar Stanford ya sake masa fasali, ya sa jerin kalmomi 100 da ya tsamo daga wani ƙaramin ƙamus, yana ganin yawan kalmomin da mutum ya sani na daga cikin mafi ingancin alamomin basirarsa.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, wani kwamiti ƙarƙashin Robert Yerkes ya shirya wa sojoji gwajin da aka kira Army Alpha, da wani mai hotuna ga waɗanda ba su iya karatu ba. An gwada mutum sama da miliyan 1 da dubu 700. A cikin Alpha akwai tambayoyin kalma da kishiyarta, da na dangantakar kalmomi: kaza ga kaza kamar kaza ne ga me? Ɗaya daga cikin ma'aikatan, Carl Brigham na Princeton, ya wallafa littafi a 1923 yana kafa hujja da sakamakon cewa baƙin da ke shigowa daga kudanci da gabashin Turai ba su kai na arewaci basira ba. Alhali alƙaluman da ke gabansa sun nuna cewa makin baƙo yana ƙaruwa ne da yawan shekarun da ya yi a Amurka, wato gwajin yana auna sabo da harshe da al'ada. A 1930 Brigham ya fito fili ya janye maganarsa, ya ce ba ta da tushe. Amma kafin nan ya riga ya shirya jarrabawar shiga jami'a ta SAT, wadda ɗalibai kusan 8,000 suka fara zama a watan Yuni na 1926, kuma tambayoyin kishiya da na dangantaka suna cikinta.

Akwai dalili na aljihu da ya sa irin waɗannan tambayoyi suka yi farin jini. Suna da saurin amsawa, suna da arhar dubawa. A ƙarshen shekarun 1930 kamfanin IBM ya fitar da injin da ke karanta alamar fensir a kan takarda ya ba da maki. Duba insha'i sai malami ya zauna ya karanta, duba kalma ɗaya cikin biyar kuwa inji ya wadatar.

GRE da jerin kalmominta

An fara GRE a 1936, da haɗin gwiwar gidauniyar Carnegie mai kula da koyarwa da jami'o'i huɗu: Harvard, Yale, Princeton da Columbia. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu neman karatu suka yi yawa, aka kafa hukumar ETS a 1947, ba da jimawa ba jarrabawar ta koma hannunta, kuma ita ke gudanar da ita har yau. Tsawon shekaru da dama babban kaso na ɓangaren harshe kishiya ne da dangantaka. A ba ka kalma ita kaɗai, babu jimla, a ce ka zaɓi kishiyarta. In ka san ta ka ci, in ba ka sani ba babu dabarar da za ta cece ka.

Inda aka yi shinge, nan mai sayar da tsani yake kafa rumfa. Stanley Kaplan ya fara koyar da ɗalibai a gidan iyayensa a Brooklyn a 1938, sana'ar ta girma ta zama kamfani. Masu shirya jarrabawa sun daɗe suna cewa horo ba ya ƙara maki, har a 1979 hukumar kula da ciniki ta gwamnatin Amurka ta fitar da rahoton da ya nuna yana iya ƙarawa. Wani mashahurin littafin shiri ya yi suna da jerin kalmomi 3,500, ɗalibai daga Indiya zuwa Sin zuwa Nijeriya suka yi ta haddace shi kamar karatun allo.

Suka ma bai tsaya ba. Misalin da aka fi ambata daga SAT yake, inda amsar wata tambaya ta rataya a kan sanin regatta, tseren kwale-kwale da ƴaƴan masu hali suka fi sani. Aka ce to, basira ake aunawa ko unguwar da aka haifi yaro? SAT ta cire tambayoyin dangantaka a 2005. A watan Agusta na 2011 GRE ta cire su tare da na kishiya, ta sauya maki daga 200 zuwa 800 ya koma 130 zuwa 170. Yanzu iri uku ne: karanta nassi ka amsa, cike giɓi a jimla ko sakin layi, da zaɓar kalmomi biyu cikin shida waɗanda kowacce za ta cike giɓi ɗaya ta ba da ma'ana guda. A Satumba na 2023 aka rage tsawon jarrabawar zuwa ƙasa da awa biyu. A ƴan shekarun nan kuma, musamman tun annobar 2020, sassan jami'o'i da yawa sun daina neman ta. Shi ya sa biyu daga cikin huɗun da na zaɓa ba su tambaye ni ba.

Abin da tarihin ya canza a karatuna

Makonni uku na farko na ɓata su ina haddace jeri daga A, kalma 50 a rana. Ban kai ƙarshen C ba na manta farkon A. Da na gane cewa jarrabawar ta bar hanyar Cawdrey tun 2011, kuma kalmomin ba iri ɗaya ba ne a wurina, sai na kasa su kashi uku.

Kashi na farko dangina ne, waɗanda Normandawa da masu kurtun tawada suka shigar: laconic, prodigal, loquacious, austere, ambiguous. Waɗannan duba ɗaya nake musu in tabbatar ma'anar ba ta kauce ba. Ɗan lakwal yana shiga ɗakin jarrabawa da dukiyar da bai san yana da ita ba, kuma na so a ce wani ya faɗa mini haka tun farko.

Kashi na biyu su ne masu fuskar dangi da halin baƙo, kuma su suka fi haɗari. Candide a Faransanci mutum ne mai sauƙin kai da ake iya yaudara, candid a Ingilishi mai faɗin gaskiya ne ba ɓoye-ɓoye. Déception takaici ne, deception yaudara ce. Sanguin mai saurin hawa ne, sanguine mai kyautata zato ne ga abin da ke tafe. Prévariquer cin amanar muƙami ne, prevaricate kuwa kewaye-kewaye ne don gudun faɗin gaskiya. Kalmomin sun rabu da gida ɗaruruwan shekaru, kowace ta yi rayuwarta. Da jan biki nake rubuta su.

Kashi na uku na Sakson da Bayikin ne: belie, gainsay, balk, wan, forbear. A nan ba ni da gado, sai haddar. Na yayyanka bayan tsofaffin takardun jadawalin shirye-shirye na mai da su katuna, na raba kwalin takalmi gida biyar. Katin da na ci ya matsa gaba, wanda na faɗi ya koma gida na farko, gidan farko kullum nake duba shi, na ƙarshe sai bayan makonni. Wani ɗan jarida mai suna Sebastian Leitner ne ya yaɗa wannan tsari a Jamus a 1972, tushensa kuwa binciken Hermann Ebbinghaus ne na 1885, wanda ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko, kuma maimaitawa da tazara tana rage ta. A bayan kowane kati ina rubuta jimlar da na tsinci kalmar a ciki, kamar yadda Johnson ya yi.

Sai karatu. Kowace rana bayan shirin safe nakan karanta dogon sharhi ɗaya na jaridar Ingilishi, ko da batun bai dame ni ba. A nan ne aikin rediyo ya biya ni. Shekara 11 ina hira da ƴan siyasa ta koya mini cewa ma'anar magana tana bayan "amma". Tambayoyin cike giɓi haka suke. Although, despite, yet, far from, su ne ke nuna ko kalmar da ta ɓace tana tafiya da farkon jimla ko tana juya masa baya. Sau da yawa nakan rufe zaɓin da hannu, in faɗi abin da ya kamata ya shiga giɓin da Hausa, sannan in nemi wadda ta fi kusa.

Ba zan ce jarrabawar ta zama adala ba. Wanda aka yi wa karatun dare da Ingilishi tun yana goye yana gabana da shekara 30, kuma tarihin da na kawo ya nuna cewa sau da yawa an auna gidan da mutum ya fito aka kira abin basira. Amma ba zan ce kalmomin banza ba ne. Littattafan da zan karanta in na samu gurbin da su aka rubuta su, ko an yi jarrabawa ko ba a yi ba. Abin da na daina shi ne jin kunyar tara cikin 27. Maki ne na wadda aka koya wa Faransanci a aji, Hausa a gida, aka ba ta Ingilishi awa uku a mako.

Ga ƴan'uwana na Maraɗi da Tawa da Garwa da Anjamena masu irin wannan niyya, shawarata ita ce ku fara da tantance abin da Faransanci ya riga ya ba ku, ku yi hattara da masu kama da shi, ku ba gajerun kalmomi lokacin da kuke shirin ba dogaye. Ku kuma fara da wuri, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni da ɗan kawuna yanzu musaya muke yi. Kowane dare yakan aiko mini da saƙon murya mai kalma biyar na Sakson cikin jimla, ni kuma in fasa masa biyar na Latinanci in nuna masa saiwarsu, don shi ma ya fara tunanin zama. A gwajin da na yi makon jiya na ci 18 cikin 27. Na biya kuɗin rajista, saura mako shida. Katin belie ya koma gida na farko karo na huɗu.